Yadda ake sa besin na dutse a bayi nan Sakkwato ba tare da ruwanmu ya ɓata shi ba

Kafin ka tahi kasuwa, kafin ma ka tambayi kuɗin komi, ɗauko butar da ake dafa ruwan shayi gidanku ka buɗe murfi ka leƙa ciki. In ka ga wani farin abu ya kama gindinta ya yi ɓawo kamar an shafe ta da farar ƙasa, to wanga abu shi za ya faɗa maka irin dutsen da ya dace da bayinka, ba hoton da ka gani cikin waya ba. Mu nan Sakkwato bisa dutsen farar ƙasa muke zaune, shi ya sa ma anka kafa kamfanin siminti Kalambaina, kuma ruwan bohol da rijiyoyin unguwanni da yawa ta cikin irin wanga dutse yake biyowa ya kwaso sinadarinai, shi ne ruwan nan da sabulu bai kumfa da shi sosai, in ya bushe bisa abu sai ya bar farin tabo. Ga zafin gari kuma, ɗigon ruwa bai jimawa bisa dutse ya bushe, watan huɗu kam kafin ka juya ya ɓace ya bar maka shaida. Wasu wurare kuma ba fari ne damuwar ba, ja ne, ruwan akwai ƙarfe ciki sai ka ga inda famfo ke ɗiga ya yi kalar tsatsa.

Na fara da zancen ruwa ne saboda abin da na gani da idona. Na daɗe ina aikin tayil da dutse, kuma aikin da ya fi tsaya min a rai gidan yayana ne Arkilla. Ya taho da wani besin na farin mabul daga Abuja, abu gwanin kyau, fari tas da jijiyoyin toka-toka sun ratsa shi, in ka shafa sanyi kamar randa. Na ce mishi Yaya wanga dutse ba na bayin da kowa ke shiga ba ne, a kai shi ɗakin baƙi, yac ce kai dai sa min inda nac ce. Munka sa. Bayan wata ukku farin ɓawon nan ya zagaye gindin famfo, yarinyar da ke taimaka musu da aiki ta ga datti ne, ta ɗauko maganin wanke masai ta zuba ta bar shi ya jiƙa yadda ta saba yi ma masai. Da anka kira ni na sa hannu, wurin da dā yake sulɓi ya koma kaushi kamar bayan tukunyar ƙasa, kuma kana ganin hanyar da maganin ya bi ya gangara har ramin magudana, layi guda dusashe cikin ƙyalli. Ba laifin yarinya ba ne ko kaɗan, ba wanda ya taɓa faɗa mata.

Ga abin da nike so kowa ya riƙe. Farin ɓawon da ruwanmu ke bari da shi kanshi mabul asalinsu sinadari guda ne. Don haka duk abin da za ya narkar da ɓawon to za ya ci mabul ɗin, ba makawa. Lemun tsami, ruwan tsamiya, binega, Harpic, duk mai tsami ko mai asid. Kenan wanda ya sa mabul a gidan da ruwa ke ɓawo ya ɗauko ma kainai aikin goge dutse da tawul kullum, in ko ba za a iya ba to a canza dutse tun yanzu.

Mataki na farko, san dutsen da kake biɗa

Giranait shi ne dokin aiki. Akwai ma'aunin taurin duwatsu da ke tashi daga 1 zuwa 10, mabul yana wajen 3, giranait yana 6 zuwa 7. Yashi kuma da ke shigo muna da hunturu ko a ƙasan takalmi taurinai ya kai 7, ka ga kenan ƙura kaɗai in anka goge ta a bushe tana iya karce mabul amma giranait sai dai ta gaishe shi ta wuce. Kuma ɗan tsami bai cin shi nan take. Shi nike ba kowa shawara ga bayin maigida da uwargida da na yara, duk inda ake shiga safe da yamma. Muna da shi gida Najeriya, ana kuma kawo shi daga Indiya da Sin. Sai dai abu guda, baƙi wuluk ya fi kowane kala nuna farin tabon ruwa, in ruwanku mai ɓawo ne ɗauki mai ɗige-ɗige, toka-toka ko ruwan ƙasa, shi ke ɓoye tabo.

Mabul kuma ba mai gardamar kyau nai. Wanda ya fi suna a duniya na Karara ne ƙasar Italiya, nan gida ma akwai shi Jakura jihar Kogi da Igbeti jihar Oyo. Wurinai bayin baƙi ne da ba a shiga sai jefi-jefi, ko bango inda ruwa bai zama. Sai tarabatin, wanda ake yawan kawowa daga Turkiyya da Italiya, kalar madara ko ruwan zuma, jikinai akwai ƙananan ramuka tun daga halitta ana cike su da wani abu a masana'anta, in cikon ya fita datti da sabulu su samu ɗaki. Shi ma ɗan gidan su mabul ne, tsami na cin shi. Oniks wanda ake sa ma fitila ƙarƙashi haske ya ratso, shi ma laushi gare shi ga tsada, ni dai ban sa ma kowa shi inda yara ke kaiwa. Akwai kuma besin na dutsen kogi da ake kawowa daga Indonisiya, dutse ne guda anka rarake cikinai anka goge anka bar bayan da kaushinai, ba biyu da ke kama da juna, yana da ƙwari amma nauyi gare shi ƙwarai kuma gindinai ba kullum yake zama daidai ba.

Mataki na biyu, gwaji tun a kasuwa

Masu shagon tayil nan cikin gari suna iya yo maka oda, amma in kana son ka zaɓa da idonka sai ka dangana da Ƙofar Ruwa Kano ko Dei-Dei Abuja ko Orile Legas. Ko ina ne kar ka tahi hannu sake. Sa lemun tsami guda aljihu, da gorar ruwa, da farin ƙyalle, da ɗan ruwan goge jan farce na mata.

Ka roƙi mai kaya ya ba ka guntun dutsen, Alhaji a taimaka min da ɗan ɓallin wanga in gwada, ba mai hana ka in dai yana da gaskiya. Ɗiga lemun tsami bisa ka bar shi minti biyar ka goge ka karkata shi wajen haske, in wurin ya dushe to dangin mabul ne ko da wane suna anka kira shi. Sannan ɗiga ruwa wani gefe ka jira minti goma zuwa sha biyar, in ka goge ka ga wurin ya yi duhu to dutsen na shan ruwa, ba aibi ba ne amma dole a sa mishi magani, za mu zo nan. In baƙin giranait ne jiƙa farin ƙyallen da ruwan goge farce ka murza, in baƙi ya biyo ƙyalle to rina shi anka yi, bayan 'yan watanni za ya koɗe ya koma toka.

Akwai kuma na jabu, garin dutse ne anka kwaɓa da roba anka zuba a mazubi, ko tangaran da anka buga ma zanen mabul. Ba wai ba su da amfani ba, amma kar a sayar maka da su kuɗin dutse. Kifa besin ɗin ka dubi bayanai da bakin ramin magudana, dutsen gaske jijiyar da ka gani sama tana ratsawa har ƙasa, na jabu zane ne a fuska kawai. In ka ga guda biyu jere da zane iri guda sak to inji ya yi su. Daga ƙarshe ƙwanƙwasa shi da tsabar kuɗi ko makulli ka saurara, mai lafiya ƙara yake mai tsawo, mai tsaguwa a ɓoye muryatai a mace take. Haska fitilar waya ciki ka bi shi lungu-lungu, musamman kewayen rami, nan ne tsaguwa ke farawa. Kuma zuba ruwa ciki ka gani ko duka yana gangarawa rami, don an sha kawo wanda cikinai shimfiɗe yake ruwa ya kwanta, irin wannan da ruwanmu kwana kaɗan za ya yi zobe fari.

Wajen ɗaukowa, falan dutsen da za a ɗora besin bisa ba a kwantar da shi a mota. Tsaye ake jingina shi bisa gefenai kamar gilashi, a sa tsohuwar taya ko katifa ƙarƙashi a ɗaure tamau, in ka kwantar da shi ramin farko tsakanin Gusau da Talatar Mafara za ya raba maka shi biyu. Ka tsaya kai da kanka a loda, kar ka bar ma yaran mota.

Mataki na ukku, awo da mazauni

Nan ne mutane da yawa ke kuskure don sun saba da besin na tangaran wanda mutum guda ke ɗauka da hannu guda. Falan giranait mai tsawon santimita 120 da faɗin 55 da kaurin 3 nauyinai ya ɗara kilo 50, wato buhun siminti guda, ka ɗora besin kuma, ka cika ruwa, sannan yaro ya zo ya rataya ko dattijo ya dafa za ya ɗaga ƙafa. Bulonmu kuma mai rami ne, ɗan ƙusa da roba ba su riƙe wanga kaya, yau lafiya gobe lafiya jibi ka ji rugum.

Hanyar da ta fi kwanciyar hankali ita ce birkila ya tada ƙafa biyu na bulo daga ƙasa, a yi musu filasta a manna tayil ko ragowar dutsen, a ɗora falan bisa. In kana son wanda ke rataye ba ƙafa don a ji daɗin shara, to mai walda ya haɗa maka ƙarfen angul mai kauri, a fasa bango a cusa shi ciki a cika ramukan bulon da kankare a wurin, a bar shi ya kama kamar mako guda kafin a ɗora komi, kuma a shafe ƙarfen da fentin hana tsatsa don tsatsa na hawa dutse ta ɓata shi. In kabad na katako za ka yi, ka tuna da gara da damshi, a ɗaga shi daga ƙasa kuma kar a yi da katakon garin nan da ke kumbura in ya sha ruwa.

Tsawo kuma daga bakin besin ake aunawa ba daga falan ba. Bakin ya tsaya wajen santimita 85 daga tayil ɗin ƙasa. To in besin irin mai zama bisa ne kamar kwano kuma zurfinai 14 ne, kenan fuskar falan ta tsaya wajen 70 ko 71. Na shiga gidan da anka yi falan a 85 sannan anka ɗora kwano bisa, uwargida sai ta ɗaga kafaɗu take wanke fuska ruwa na gangaro mata ta gwiwar hannu. In masu gidan gajeru ne a rage, ka tsai da su gaban bango su miƙa hannu ka ja layi da alli, ya fi kowane lissafi. Kuma a tuna awon daga saman tayil ne, in ba a sa tayil ba tukuna a ƙara kaurinai da na siminti.

Ɗora lebul bisa mazaunin gaba da baya, dama da hagu, kafin dutse ya hau. Dutse bai lanƙwasa, in gefe guda na rataye a iska nan za ya tsage.

Mataki na huɗu, huda da haɗa famfo

Sayi kan famfo da magudana kafin a huda komi, a auna da abin a hannu. Ramin kan famfo galibi milimita 35 ne, kuma kar ya matso bakin dutse, a bar aƙalla santimita 5. Da bakin huda mai daimon ake yi, zagayayye, a hankali ana zuba ruwa, kuma a kashe bugun injin, in anka bar shi yana bugawa kamar ana huda kankare to dutse ya tafi. In za ka iya, bari masu yankan su huda maka tun wurinsu. Dan Allah kuma ina roƙon 'yan uwana masu wagga sana'a, kar a yanka giranait a bushe, ƙurar nan fara da ke tashi tana zama cikin huhu ba ta fita, a yanka da ruwa a rufe hanci da abin rufewa na ƙwarai, yaranmu masu riƙe muna giranda su ma a ba su.

Besin mai zama bisa dogon kan famfo yake so, ko wanda ke fitowa daga bango. Gwada shi yadda ruwan za ya sauka kusa da ramin magudana ba jikin gefe ba, in ba haka ba duk buɗewa fantsama, duk fantsama kuma farin tabo. In na bango ne to tun kafin filasta za a binne bututu, don haka sai an san tsawon besin tun lokacin.

Zancen magudana akwai abu ukku. Gindin besin na dutse kauri gare shi, ga kaurin falan, don haka biɗi magudana mai dogon zaren ɗauri in ba haka ba noti bai kamawa. Sannan mafi yawan besin na dutse ba su da ramin nan na sama da ke kwashe ruwa in besin ya cika, to sayi magudanar da ba ta da tsaga a wuya, mai tsagar nan yoyo za ta yi ta yi. Ni ma har na fi son wadda ba ta rufewa gaba ɗaya, saboda halinmu, tanki ya ƙare wani ya buɗe famfo ba ruwa ya manta bai rufe ba, tsakar dare a kawo wuta a tada bohol, in magudana a toshe take da asuba sai dai a tarar da kafet na iyo. Na ukku ɗauri, da hannu ake ɗaure noti sannan a ɗan ƙara kaɗan da sifana, mai famfo da ya saba matsewa iya ƙarfinai ka tsaya kusa da shi ka ce Malam ya isa hakanan, don matsewa na tsaga dutse daga rami. Ƙarƙashi kuma dole a sa gwiwar nan mai riƙe ruwa, ita ke hana warin sokawe da kyankyasai hawowa.

Silikon ma ba kowane ba. Buɗe ka sansana, in yana wari mai tsami mai hawa hanci to bar shi, yana shiga jikin dutse ya bar duhu a gefe wanda bai fita. Biɗi wanda anka rubuta na dutse ne ko marar asid. Haka nan kwaɓin nan mai maiƙo da wasu masu famfo ke liƙa magudana da shi, man da ke ciki na tsotsuwa cikin dutse ya yi zobe. Manna tef gefe da gefe, ja silikon layi guda, shafe da yatsa, cire tef tun bai bushe ba, a bar shi kwana guda cur ba ruwa. In da hunturu ne rufe taga don ƙura na mannewa ta zauna har abada.

Mataki na biyar, maganin toshe ƙofofin dutse

Dutse ko ya yi sulɓi akwai ƙananan ƙofofi jikinai da ido bai gani. Akwai wani ruwan magani da 'yan kasuwa ke ce ma sila, ka biɗi irin mai shiga ciki ba mai yin fata a sama kamar banish ba, shi wancan ɓarewa yake. Wanke dutsen ka bar shi ya bushe sarai kwana guda ko biyu. Jiƙa tsabtataccen ƙyalle ka shafe ko ina har bakin rami da gefuna, ka jira mintocin da anka rubuta jikin gwangwani, galibi goma zuwa sha biyar, sannan ka goge ragowar tas kafin ta bushe. Wanga gogewa ita ce aikin, kuma da zafinmu maganin na rigan lokacin bushewa ya bar danƙo da hazo, don haka da sassafe nike yi ko bayan la'asar, ɗan wuri ɗan wuri. In ya riga ka ƙara ɗan magani bisa ya narkar da shi ka goge nan take. Dutse mai sha sosai a yi mishi sau biyu. Sai a bar shi awa 24 ba ruwa, taga a buɗe don wari.

Amma kar wani ya ruɗe ka, sila tabo take jinkirtawa, mai ko lalle ko shayi su tsaya sama har ka samu ka goge, ba ta kare mabul daga tsami ko kaɗan. Kuma wasu baƙaƙen giranait sun yi tauri har ba su shan komi, in gwajin ruwa bai nuna duhu ba kar ka ɓata kuɗinka. Duk wata shida ka sake ɗiga ruwa ka gani, ran da ya fara duhu lokacin sabuntawa ya yi.

Ƙasa da wurin alwala da sauransu

Ƙasan bayi kar a sa dutse mai ƙyalli, wannan ban sassauta ma kowa. Dutse gogagge da ruwan sabulu santsi ne mai karya ƙugu, kuma gidajenmu akwai tsofaffi akwai masu ciki. A sa marar ƙyalli ko wanda anka ƙona ma fuska ya yi kaushi, ka jiƙa guntu ka taka da ƙafa ba takalmi tun a shago. Gangara wajen santimita 1 da rabi zuwa 2 cikin kowace mita zuwa magudana. In bene ne a shafa maganin hana yoyo, a toshe magudana a tara ruwa kwana guda a leƙa silin na ƙasa kafin a manna komi. Farin dutse da farin gam ake manna shi don baƙin siminti na nunawa ta ciki, kuma a cika bayanai duka ba ɗige huɗu a kusurwa ba, bayan ya kama ka bi da makulli kana ƙwanƙwasawa, inda yac ce ƙwal-ƙwal to akwai rami.

Wurin alwala shi nike jin daɗin yi ma mutane da ragowar giranait. In fili ya samu a ware shi daga masai ko da ɗan bango ne, wasu ma waje suke so bakin ƙofa. A tada mazauni na bulo tsawon santimita 40 zuwa 45 a rufe shi da dutse a kashe kaifin baki, gaba a yi ɗan kwari mai gangara da kaushi inda ƙafa ke sauka. Tsawon famfon kuma ban aunawa da ka, Baba nike zaunar da shi bisa bulo in ce ranka ya daɗe miƙa hannu kamar za ka kurkure baki, sannan ɗaga ƙafa, inda ya ji daidai nan za a sa. Masai kuma tun wajen binne bututu a duba kar mai zama ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya, bayan an manna dutse gyaran nan tsada gare shi. Sauran guntaye kar a zubar, suna yin dokin ƙofa mai tare ruwa da 'yar kanta ta sabulu cikin bango, ita ma a ɗan karkata ta gaba don ruwa ya zube.

Wanki

Tara mutanen gida duka ranar da anka gama, har mai aiki har yara, a faɗa musu da baki a nuna musu. Ɗigon sabulun wanke kwanuka cikin ruwa da soso mai laushi, a ɗauraye, a tsane da tawul, shi kenan. Rataya ɗan tawul na musamman kusa da besin, wanda ya gama ya goge, wanga ɗan aiki na daƙiƙa goma shi ke hana ɓawo taruwa tun farko. Ba soson ƙarfe, ba toka da yashi, ba garin goge tukunya. Maganin masai a ajiye shi nesa da dutse don ko gindin robar na barin zobe. Hypo in an yawaita yana cinye sila, kuma kar a kuskura a haɗa shi da Harpic ko wane abu mai asid cikin bayi, iskar da ke tashi guba ce mai shaƙe mutum.

Hajiya, lalle da rinin gashi da kwalli da turare da man shafawa su ne abokan gaban farin dutse, lokacin biki musamman. A wanke lalle cikin roba a zubar a magudanar ƙasa, kwalaben turare da mai a sa musu ɗan faranti, gwangwanin ƙarfe irin na maganin sauro kar ya kwana bisa jiƙaƙƙen dutse don yana barin zoben tsatsa. Masu cin goro su ma a ɗauraye nan take.

In tabon mai ya riga ya shiga, kwaɓa bekin soda da ruwa ya yi kauri kamar kunun da ya kwana, lafta bisa tabon, rufe da leda ka manne gefuna da tef, bar shi kwana guda ko biyu ya bushe ya tsotso man, kankare da abu na roba, in bai fita duka ba a maimaita. Na lalle ko zoɓo ko shayi bisa farin dutse a kwaɓa da haidirojin ɗin nan na wanke ciwo da ake saidawa kemis, amma ban da dutse mai duhu don yana iya koɗar da shi. Tsatsa kuma sai maganin da anka yi ma dutse musamman, na gama-gari asid ne.

Farin ɓawo in ya taru bisa giranait, jiƙa shi da ruwan ɗumi da sabulu, kwantar da sabuwar reza kusan shimfiɗe ka tura a hankali za ya ɓalle. Bisa mabul ban da reza, katin roba irin tsohon katin banki ya isa. In kuma mabul ya riga ya ci asid irin na yayana, ƙaramin dushewa akwai garin goge mabul da ke maido da shi, mai zurfi sai an kira mai inji ya bi shi da faifan daimon daga mai kaushi zuwa mai laushi da ruwa, haka munka yi ma nashi yini guda cur, munka sake sa sila, sannan munka cire shi munka maida bayin baƙi anka kawo giranait mai ɗige-ɗige wurin. Kan famfon da ke ɗiga kuma ranar da ka gani ranar za ka canza robar ciki, don ɗigo guda wuri guda na mako biyu ya isa ya zana maka layi fari ko ja daga bakin besin har rami.